Wa Ke Amsawa A Ɗaya Ɓangaren? Martani Kan Manhajar Asma Ga Matasa

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kwanan baya yana kira ga iyayen matasa masu ciwon asma da su sauke wa 'ya'yansu manhajar kula da cutar a waya, yana kuma jan hankalin hukumomin lafiya da masu ba da tallafi da su zuba kuɗi wajen ƙirƙiro irinta a gida. Hujjojinsa a jere suke, kuma da jin su mutum zai gyaɗa kai. Ya ce matashin yau ba ya rabuwa da waya dare da rana. Ya ce abin da ke kayar da yaro mai asma shi ne mantuwa da sakaci wajen shan magani. Ya ce likitocinmu sun yi kaɗan, layin asibiti kuma ya yi tsawo. Daga nan ya yanke cewa manhajar da za ta riƙa buga ƙararrawa lokacin magani, ta ajiye bayanin tari da sarƙewar numfashi, ta kuma yi gargaɗi ranar da ƙura ta taso, za ta tsaya wa yaron a matsayin likitan aljihu. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Malam, kuma maganarsa kan ƙarancin likitoci gaskiya ce tsagwaronta. Inda muka raba gari shi ne wajen gano abin da ya yi wa matashin ƙaranci. Shi ya ɗauka tunatarwa ce. Binciken ƙasashen da suka riga mu gwada waɗannan manhajoji kuwa ya nuna cewa duk inda waya ta yi rana, to tun farko akwai magani a hannun yaron, kuma akwai mutum masanin cutar da ke duba abin da wayar ta tara. Malam ya tsallake waɗannan biyun kamar an riga an samar da su.

Asma kumburi ne da ke zaune a cikin hanyoyin iska na huhu, ko da mai ita yana jin kansa garau. Idan wani abu ya tsokane ta, ƙura ko hayaƙi ko mura ko sanyin asuba ko gudu a filin ƙwallo, sai tsokar da ke kewaye da hanyoyin ta tsuke, bangonsu ya ƙara kumbura, majina ta taru, ƙirji ya riƙa kuka kamar usur. Maganin shaƙa kuma iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan take, wato salbutamol, inhela shuɗiya da mutane da yawa Ventolin kawai suke ce mata. Cikin 'yan mintuna take sassauta tsokar, amma ba ta taɓa kumburin ko kaɗan. Akwai kuma mai kwantar da kumburi, irin su beclometasone da budesonide, wanda ba a jin aikinsa a take sai bayan kwanaki ko makonni. To a nan gizo ke saƙar. Yaro ɗan shekara 15 yana ganin amfanin shuɗiyar da idonsa, domin ta fitar da shi daga wuya a daren jiya. Ɗayar kuwa a wurinsa ɗawainiya ce kawai, safe da yamma, a ranakun da ba abin da ke damun sa. Idan ya ajiye ta, sau da yawa ba mantawa ya yi ba, shawara ya yanke.

Wannan bambanci tsakanin mantuwa da ganganci shi ne maƙalar Malam ba ta ko leƙa ba, alhali a kansa maganar duka ta rataya. Matashi yana barin magani don ba ya son abokansa su gan shi yana fesa abu a baki a tsakiyar aji. Yana bari don an gaya masa a gida cewa wanda ya fara inhela ya saba ke nan, ba zai ƙara iya numfashi sai da ita, maganar da ba ta da tushe amma ta yi jijiya a tsakaninmu. Budurwa tana ɓoye tata a ƙasan akwati don kada a ce gidan su wance akwai mai ciwon da ba ya warkewa, a lokacin da aka fara zancen manema. Wani kuma yana cikin shekarun da duk abin da babba ya ce a yi, shi ne abin da ba za a yi ba. Ƙararrawar waya ba ta da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai barcin gaske ake tayarwa da ƙararrawa, mai barcin gangan kuwa hannu zai miƙa ya kashe ta, kuma matashin da ya iya toshe saƙonnin mahaifiyarsa a WhatsApp ba manhajar asma ce za ta gagare shi ba. Wanda zai iya sauya irin wannan shawara shi ne wanda zai zauna da yaron ya tambaye shi me ya sa, ya saurari amsar ba tare da tsawa ba, sa'an nan ya warware masa tsoron da ke ƙarƙashinta.

Mu koma ga abin da aka gwada aka auna. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta BMJ ta buga sakamakon wani gwaji da Dermot Ryan da abokan aikinsa suka yi a Birtaniya. Sun ɗauki matasa da manya 288 waɗanda asmarsu ba ta lafa ba, daga ƙananan asibitoci 32, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shigar da alamominsu da ma'aunin ƙarfin numfashinsu a waya sau biyu a rana, wayar na ba su amsa nan take. Ɗaya kashin suna rubuta abu guda a takarda. Duka ɓangarorin biyu suna samun kulawar asibiti iri ɗaya bisa ƙa'ida. Bayan wata 6, kowane ɓangare ya samu sauƙi, amma babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin masu waya da masu takarda, sai dai kuɗin da tsarin wayar ya ci ya fi yawa. Abin da ya kawo sauƙin ke nan shi ne abin da suka yi tarayya a kansa, wato kulawar ma'aikatan lafiya da maganin da ya dace. Shekara guda bayan haka, a 2013, ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta nemi gwaje-gwajen da aka yi kan manhajojin asma, ta samu guda 2 kacal masu mutane 408, ta ce hujjar ba ta kai a ba likitoci shawarar amfani da su ba.

Malam zai ce waɗannan tsofaffin labarai ne, wayar 2012 ba ta yau ba ce, kuma yana da gaskiya. Akwai ma hujjojin da suka fi ƙarfi a ɓangarensa waɗanda bai kawo ba, bari in kawo masa su. A 2022 Cochrane ta sake dubawa, wannan karon gwaje-gwaje 40 da suka ƙunshi sama da mutum 15,000, ta gano cewa hanyoyin zamani na tunatarwa da bibiya suna ƙara yawan shan maganin kwantar da kumburi da kimanin kashi 15 cikin 100, kuma da alama suna rage tashin cutar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai idan aka buɗe cikin rahoton, waɗanda suka fi nuna tasiri su ne na'urar da ake maƙalawa a jikin inhelar tana ƙirga kowace fesawa, da kuma gajeren saƙon tes, wanda ko ƙaramar waya mai tocila tana karɓa. A birnin Auckland na ƙasar New Zealand, wani gwaji da aka buga a 2015 kan yara 220 'yan shekara 6 zuwa 15 ya nuna masu inhela mai ƙararrawa sun shaƙi kashi 84 cikin 100 na maganinsu, sauran kuwa kashi 30. A Sheffield ta Ingila, gwaji kan yara 90 ya ba da kashi 70 da kashi 49, kuma waɗanda na'urarsu ke da ƙararrawa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Amma a Sheffield ɗin ba ƙararrawa kaɗai aka ba su ba. Duk zuwan yaro asibiti ana buɗe bayanan na'urar a gabansa da iyayensa, a ce ga ranakun da ka sha, ga waɗanda ka tsallake, me ya faru. Yaran kuma duka an riga an tabbatar da cutarsu, an rubuta musu magani, maganin yana hannunsu.

Gwajin da ya fi kusa da abin da Malam yake mafarki shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Utrecht suka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2019. Manhaja ce da aka ƙera musamman don 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma ba abin da aka rage mata: akwai ƙararrawar magani, akwai tambayoyin auna alamomi, akwai gajerun bidiyo na ilimantarwa, akwai zauren hira da sauran matasa masu asma, akwai kuma kafar aika saƙo kai tsaye ga mai harhaɗa magunguna na unguwarsu. Matasa 234 suka kai ƙarshen wata 6. Sakamakon ya nuna shan magani ya ƙaru a tsakanin waɗanda tun farko ba sa sha yadda ya kamata, bisa abin da su da kansu suka faɗa, amma ba a ga sauyi ba a lafawar cutar ko a jin daɗin rayuwarsu. Da masu binciken suka koma suka duba wane sashe na manhajar ne ya yi aikin, sai suka tarar yawan buɗe manhajar ba shi da alaƙa da shan magani. Sashen da ya nuna tasiri shi ne hira da mai harhaɗa magunguna. Ina roƙon Malam ya tsaya a kan wannan ya yi nazari. A ƙasar da ke da wuta ba yankewa, da inshorar lafiya ga kowa, da waya a hannun kusan kowane yaro, abin da ya motsa matashi shi ne sanin cewa akwai wani ɗan Adam da ya san sunansa, wanda zai karanta saƙonsa ya ba shi amsa. Manhajar da Malam yake so a sauke daga rumbun Google kyauta ba ta zuwa da wannan mutumin a cikinta.

Sai kuma batun ɗorewa. A 2015 asibitin Mount Sinai na New York ya fitar da manhajar binciken asma a wayar iPhone. An sauke ta kusan sau 50,000 a wata shidan farko, mutum 7,593 suka yi rajista, amma 175 ne kawai suka cika tambayoyin ƙarshen wata 6. Waɗannan manya ne da suka shiga da ƙafarsu don sha'awa. Asma kuwa ciwon shekaru ce, ba ta mako biyun ɗoki ba.

Akwai wani haɗarin da ya fi watsar da manhaja muni, shi ne a riƙe ta alhali tana koyar da kuskure. Masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan sun tace manhajojin asma 103 a 2012, ba su samu ko guda da ta haɗa cikakken bayani ingantacce da kayan aikin kula da kai ba, wasu ma suna ba da shawarwarin da ba su da madogara a ilimin likitanci. Da suka sake dubawa, adadin manhajojin ya ninka tsakanin 2011 da 2013, ingancin kuwa yana nan inda yake. Ilimin cutar shi ma ba a tsaye yake ba. A 2019 kwamitin duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da asma, wanda aka fi sani da GINA, ya yi sauyin da ya fi kowane girma cikin kusan shekara 30: ya daina amincewa a bar matashi ko babba da inhela shuɗiya ita kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce, ya ce dole a haɗa da mai kwantar da kumburi. Dalili shi ne dogaro da shuɗiyar yana rufe alamomi yayin da kumburin ke ci gaba a ƙasa. Wanda ke shanye gwangwani 3 ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, wanda ya kai 12 kuwa haɗarin mutuwa ne. Binciken da Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2014 kan mutum 195 da asma ta kashe a Birtaniya ya gano cewa kashi 39 cikin 100 na waɗanda aka samu bayanan magungunansu an rubuta musu shuɗiya fiye da 12 a shekarar ƙarshe ta rayuwarsu, kashi 45 kuma sun rasu ba su nemi taimako ba ko kafin taimakon ya iso. Yanzu a ɗauki yaron da shuɗiyar ce kaɗai abin da mahaifinsa ya iya saya, a ba shi manhajar da ke rubuta fesawarsa tana zana masa kyakkyawan jadawali mai launi. Iyayensa za su ga ana kula. Lambar da ya kamata ta tayar da hankalin wani tana nan tana hauhawa a cikin waya, ba mai ganinta.

Duk wannan a ƙasashen da aka san wa ke da cutar ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kashe 455,000 a shekarar, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. A 2024 aka buga binciken da Jami'ar Queen Mary ta Landan ta jagoranta tare da masana na Afirka a makarantun birane 6: Legas, Kumasi, Kampala, Blantyre, Harare da Durban. Cikin ɗalibai sama da 27,000, fiye da 3,000 sun ba da rahoton alamun asma, amma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai likita ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu. Waɗannan yaran birni ne masu zuwa makaranta. Yaron da ba a gaya masa yana da asma ba, ba zai nemi manhajar asma ba. Abin da ya sani shi ne yana yawan sanyi, ana kai shi kemis a ba shi maganin tari da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci da ƙwayar salbutamol ta haɗiya da ke sa hannu rawa da bugun zuciya, ya samu sauƙi, bayan wata guda a sake. Wanda aka gano tasa cutar kuma sai ya ci karo da farashi. Tun bayan da kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da magungunansa kai tsaye a Nijeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira, kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo, mai kwantar da kumburi ma ba kowane kemis ake samunta ba. Wayar da za ta buga ƙararrawa ƙarfe bakwai na safe ta ce lokacin magani ya yi, a gidan da gwangwanin ya ƙare tun makon jiya, ba taimako ta yi ba, fami ta yi.

Ita kanta wayar da aka gina maƙalar a kanta, Malam ya yi mata kallon 'ya'yan unguwar masu hali. Makarantun kwana, inda dubban matasanmu ke shafe mafi yawan shekara, ba sa barin ɗalibi ya riƙe waya, kuma asma da dare da asuba ta fi tashi. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta uba ko ta yaya, 'ya mace kuma ita ce ta ƙarshe a layi. Ga data, ga caji, ga Turancin da manhajojin ke magana da shi. Gargaɗin ƙura kuwa, wanda Malam ya fi yabawa, ya ba ni dariya kaɗan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Kano da Damagaram da Maiduguri, mutum ya wayi gari ya ga hazo ya rufe bishiyar ƙofar gidansa. Ba a bukatar waya ta faɗa. Abin da yaron ke bukatar sani shi ne me zai yi da maganinsa a waɗannan watanni, kuma wannan sai wanda ya san nauyin ciwonsa. Sauran masu tsokanar cutar ma a cikin ɗaki suke, inda tauraron ɗan Adam ba ya gani: hayaƙin itace a madafa, igiyar leƙo da ke ci har asuba a ɗakin da aka rufe taga, turaren wuta, janareta a bakin ƙofa, kyankyasai, tsohuwar katifa. Cire igiyar leƙo a sa gidan sauro shawara ce ta uwa da uba, sai an zauna da su.

Wani abin da ƙararrawa ba ta gani shi ne yadda aka shaƙi maganin. Inhela tana da ƙa'ida: a girgiza ta, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashi kimanin daƙiƙa 10. Wani babban nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara binciken shekara 40, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ke yin ta daidai, kuma abin bai gyaru ba tsawon waɗannan shekaru. Sauran suna fesa maganin a harshe da maƙogwaro su haɗiye. Yaro zai iya danna wa manhaja alamar ya sha sau biyu kullum, huhunsa kuwa bai ga komai ba. Akwai magani mai araha na wannan matsala da aka gwada a Afirka, kuma ba ya cin data. A 1999 mujallar Lancet ta buga gwajin da Heather Zar ta yi a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town, inda ta nuna cewa gorar roba ta rabin lita tana aiki daidai da bututun shaƙa na kanti mai tsada. Ana huda gindin gorar daidai girman bakin inhela, a cusa ta ta zauna ɗam, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar, sa'an nan a sake dannawa idan akwai bukata. Hazon maganin yana tsayawa a cikin gorar yana jiran numfashi, don haka ba sai hannu da ƙirji sun yi daidai ba. Na yarda bidiyo a waya zai iya nuna wannan, kuma ya kamata a yi shi da Hausa. Amma mai kallon bidiyo ba ya ganin kuskuren kansa. Sai wani ya ce masa, yi in gani.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce ta ƙarshe, kuma ba zan kauce mata ba: tunda likitocin babu, da hanau gara mannau. Amsata ita ce kula da asma ta yau da kullum ba sai ƙwararren likitan huhu ba. Ƙasar Finland ta gudanar da shirin asma na ƙasa daga 1994 zuwa 2004, kafin a haifi iPhone. Abin da suka yi shi ne horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci da masu harhaɗa magunguna, gano cutar da wuri, fara maganin kwantar da kumburi da wuri, da koya wa majiyyaci yadda zai kula da kansa. Kwanakin da masu asma ke yi a gadon asibiti suka ragu da kashi 54 cikin 100. Brazil kuma tun 2012 ta sa magungunan asma cikin waɗanda ake bayarwa kyauta a kantunan magani da ke cikin shirin gwamnati. Mu ma muna da ma'aikatan lafiya na matakin farko a kusan kowace mazaɓa, muna da masu kemis da su ne mutane ke fara zuwa wurinsu ko an so ko an ƙi. Kuɗin lafiya kuma ba rijiya ba ne. Naira miliyoyin da za a ba kamfanin ƙera manhaja, da waɗanda za a ci gaba da biya don sabunta ta duk shekara, an ɗebe su ne daga wani wuri. Da su za a iya horar da ma'aikata, a sayi inhela, a buga takardar tsarin kula da kai, wadda a binciken Birtaniya na 2014 kashi 23 cikin 100 kacal na mamatan aka tabbatar an taɓa ba su. Takarda ce shafi ɗaya mai launi uku: kore, ci gaba da maganinka, rawaya, ga abin da za ka ƙara, ga wanda za ka kira, ja, a tafi asibiti yanzu. Ana liƙa ta a bango, ana ba shugaban ɗakin kwana kwafi, kuma batirinta ba ya mutuwa.

Ba cewa nake a jefar da waya ba. Idan asibiti ya riga ya gano yaron, ya ba shi magani, ya koya masa shaƙa, to waya za ta iya riƙe zumuncin da ke tsakanin zuwa da zuwa, kuma ba sai an ƙera sabuwar manhaja ba. Ma'aikaciyar jinya za ta iya aika saƙon murya da Hausa a farkon hunturu. Yaro zai iya ɗaukar bidiyon kansa yana shaƙa ya tura mata ta gyara masa. Uwa za ta iya tura tes cewa gwangwani na biyu ya ƙare cikin wata ɗaya, a ce mata ku zo gobe. Kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar a amsa tambayoyin da Malam bai yi ba: wace ce ma'aikaciyar, yara nawa ke hannunta, wa ke biyan ta kuɗin wannan aiki da kuɗin data, wa ke karɓa idan ta tafi hutu. Akwai kuma batun sirri, tunda dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shar'anta amincewar iyaye kafin a tattara bayanan yaro, yawancin manhajojin kyauta kuwa ba wanda ya san inda suke kai abin da aka shigar musu.

Da Malam ya nemi shawarata kan inda zai karkata alƙalaminsa, da na nuna masa makarantun kwana. A wasunsu ana karɓe duk wani magani daga hannun ɗalibi ranar dawowa hutu, har da inhela, a kulle a ɗakin shan magani, mai makullin kuma yana kwana a cikin gari. Yarinyar da numfashinta ya sarƙe ƙarfe biyu na dare, har ba ta iya gama magana da numfashi ɗaya, tana bukatar inhelarta da gorarta a ƙarƙashin matashin kai, da babbar ɗaliba a ɗakin da ta san cewa wannan alamar ja ce, da malamar da ke da izinin fita da ita asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Takardar umarni guda daga ma'aikatar ilimi ta jiha za ta iya ba kowane ɗalibi mai asma damar riƙe inhelarsa a jikinsa daga zangon karatu mai zuwa.